Babana yana kan gargara, an ce in je in durƙusa masa

Assalamu alaikum Hajiya,

Ni haifaffiyar Aboabo ce a Kumasi, amma tun 2009 nake Nima, nan Akra, inda nake sana'ar ɗinki. Shekaruna 35, ina da miji da 'ya'ya biyu. Tun ranar da na baro Kumasi ban sake sa mahaifina a ido ba, ko a waya ba mu taɓa gaisawa ba.

Babana makanike ne a Magazin ta Suwame, unguwar makanikai ta Kumasi. A waje kowa yabonsa yake yi, kullum yana sahun gaba a masallaci, shi ake kira idan maƙwabta sun saɓa. A cikin gida kuwa da tsohon belin injin mota yake dukanmu, mu da Mma. Ina da shekara 12 ya kwaɗa mini marin da har yau kunnena na hagu ba ya ji da kyau. Ina aji biyu a ƙaramar sakandare ya cire ni, ya ce karatun mace asarar kuɗi ne, na koma tallan koko. Daga baya ya kori Mma cikin dare, ana ruwa, daga ita sai zanin jikinta. Ta rasu a 2016 a ɗakin ƙanwarta. Bai zo jana'iza ba, bai aiko gaisuwa ba.

Makon jiya Gwaggo ta kira ni, ta ce ciwon hanta ya ci ƙarfinsa. Ya yi mako uku a asibitin Komfo Anokye, yanzu an dawo da shi gida, kuma wai yana kiran sunana. Ta ce in yi maza in zo in durƙusa in nemi gafararsa kafin ya cika, don 'yar da ubanta ya mutu yana fushi da ita ba ta ganin da kyau, duniya da lahira. Ƙanena ya rantse ko gawarsa ba zai raka ba. Mijina ya ce duk abin da na zaɓa yana bayana.

Hajiya, ba na barci. In na tuna daren da ya kori Mma sai in ji na tsane shi, in na tuna wuta sai jikina ya yi sanyi. In na je na ce na yafe alhali zuciyata ba ta yafe ba, na yi ƙarya ke nan? In na ƙi zuwa fa?

'Yarki daga Nima

Wa alaikumus salam, 'yata.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma duk karantawa a kan saƙon Gwaggo nake tsayawa. Wanda ya yi dukan yana kwance, wadda aka daka kuma ita ake cewa ta hau mota ta je ta durƙusa ta ce a yafe mata. Na san wannan juyin sarai, don ni ma a zango na tashi. A wurinmu babba ba ya laifi, sai dai a ce yaro ya ɓata masa rai. To bari in fara kiran abin da sunansa, tunda da alama babu wanda ya taɓa kira miki shi: abin da aka yi muku, ke da ƙanenki da mahaifiyarku, zalunci ne. Tarbiyya ba ta kashe kunnen yarinya, ba ta fitar da matar aure titi cikin ruwan dare. Ko dokar ƙasar Gana ba ta yarda da shi ba. A 2002, shekarar da ya mare ki, dokar kare yara ta 1998 tana aiki, kuma ta hana horon da ya wuce hankali. A 2007 aka ƙara dokar cin zarafi a cikin gida, wadda ta haɗa da duka, da wulaƙancin baki, da matsin tattalin arziki, kuma 'yan sanda suna da sashe na musamman, DOVVSU, don irin waɗannan ƙararraki. Ba don ki kai tsoho mai jinya ƙara na faɗi wannan ba. Don dai ki daina tambayar kanki cikin dare ko ke ce kika cika riƙo.

Gidajen Aboabo ba sa ɓoye kuka. Ɗakuna goma ko fiye a zagaye da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, na ɗakin ƙarshe yana jin ƙarar cokalin na ɗakin farko, balle ƙarar beli. Mutanen gidan sun ji, dangi sun sani, Gwaggo ma ta sani. Aka ce tsakanin uba da 'ya'yansa ba a shiga, aka ce wa Mma ta yi haƙuri, haƙuri maganin zaman duniya. Ina zaton rabin gaggawar Gwaggo a yau daga nan take: in kika zo kika durƙusa, an naɗe tabarmar, kowa ya huta da tuna shirun da ya yi. Amma kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Mai yiwuwa ita ce ke juya shi a shimfiɗa, ita ke wanke masa jiki, ɗan'uwanta ne ciki ɗaya, kuma tsoron da take yi miki na gaskiya ne a zuciyarta. Ki girmama ta, ki saurare ta, hukuncin dai ba nata ba ne.

Mu zo kan tsoron wuta, don na ga shi ne ya hana ki barci. Ba zan ɓoye miki abin da ke da nauyi ba. Suratul Isra'i, aya ta 23, ta hana a ce wa iyaye ko da "uf". Hadisin da ya ce mai yanke zumunci ba zai shiga Aljanna ba ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim. Duk wanda ya ce miki haƙƙin uba yana faɗuwa gaba ɗaya don ya yi mugunta, ya yaudare ki. Sai dai masu karanta miki waɗannan ba sa ƙarasa karatun. A Suratu Luƙman, aya ta 15, an kawo iyayen da suka kai maƙura, masu matsa wa ɗansu ya yi shirka. Aka ce kada ya bi su, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa. Ki lura da abin da aka nema: kyakkyawar mu'amala, wato abin da hannu da baki da ƙafa za su iya. Ba a ce ya ji daɗinsu a ransa ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 135, an ce a tsaya kan gaskiya ko da a kan iyaye ne, aya ta 148 kuma ta ba wanda aka zalunta izinin faɗin abin da aka yi masa. Suratush Shura, aya ta 40, ta ce wanda ya yafe ya gyara, ladansa yana wurin Allah, ta 41 kuma ta ce wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi babu laifi a kansa. Yafiya ke nan kyauta ce da mai haƙƙi yake bayarwa, mai lada ƙwarai, amma kyauta. Ba a ƙwatar ta.

Kuma wa ya kamata ya fara nema? Annabi (SAW) ya ce wanda ya san ya zalunci ɗan'uwansa, a mutuncinsa ko a wani abu, ya nemi ya warware masa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, sai dai a ɗebi ladansa a biya. Ba a cire iyaye daga wannan ba. Duk ɗalibar Islamiyya ta haddace sharuɗɗan tuba: barin laifin, nadama, niyyar ba za a koma ba, sannan idan haƙƙin mutum ne a mayar masa ko a nemi yafiyarsa. Idan da gaske babanki yana kiran sunanki, ina kyautata zaton wannan nauyin ne yake ji a ƙirjinsa, ko da bakinsa bai saba da faɗinsa ba.

Akwai labarin da nake so ki riƙe, don ba kasafai ake karanta shi a wa'azin biyayyar iyaye ba. Wahshi shi ne ya kashe Sayyidina Hamza, baffan Annabi (SAW), a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Bayan an buɗe Makka ya zo ya musulunta. Annabi ya tambaye shi ko shi ne Wahshi, ko shi ya kashe Hamza, ya amsa. An karɓi musuluncinsa, ba a taɓa shi ba, ba a rama ba. Amma Annabi ya tambaye shi ko zai iya kawar da fuskarsa daga gare shi. Buhari ne ya ruwaito. Mafi tausayin halitta ke nan, ya bar wa mutum jininsa da mutuncinsa, amma ganin fuskar yana tayar masa da ciwo, kuma bai ɓoye ba. To ke wace ce da za a ce lallai sai kin kalli mutumin da ya kashe miki kunne kin ji sanyi a ranki, in ba haka ba ki shiga wuta? Ki duba Annabi Yaƙubu ma. Da 'ya'yansa suka amsa laifinsu suka ce ya nema musu gafara, a Suratu Yusuf aya ta 98 bai ce ga ta nan take ba, cewa ya yi da sannu zai nema musu. Annabi ne, uba ne, kuma ya ɗauki lokaci.

Gwaggo ta ƙulle miki abu uku a ƙulli ɗaya, shi ya sa kika kasa ɗagawa: zuwa ganinsa, kyautata masa a jinyarsa, da yafe masa a zuci. Ki kwance su. Yafiya ba ta da wa'adi. Kina iya yafe masa gobe, ko bayan shekara goma da binne shi, kina zaune a bakin kekenki a Nima, kuma za ta isa inda yake. Kyautatawa ma tana da hanyoyi bayan rai ya fita, addu'a da sadaka da biyan bashinsa. Ganinsa da ido yana numfashi ne kawai mutuwa za ta rufe, kuma in ta rufe shi ke nan.

Saboda haka ni shawarata ki je. Na yi shekara 31 ina aikin jinya kafin in ajiye, kuma na tsaya a bakin gadaje da yawa irin wannan. Na ga 'ya'yan da suka zo suka tafi da ɓacin rai, amma ɓacin ran da yake wucewa. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu isowa bayan an rufe fuska, su tsaya a baranda suna tambayarmu, "Ya ce wani abu? Ya ambace ni?" Wannan tambayar ba ta da mai amsawa, kuma mutum yana iya ɗaukar ta har tsufansa. Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba. Uban da ke cikin kanki har yanzu ƙato ne mai beli a hannu, ke kuma shekararki 12. Wanda za ki tarar a ɗakin nan tsoho ne ramamme, ciki a kumbure, ido ya yi rawaya, ba ya iya ɗaga kofin ruwa. Na ga mata da yawa da ganin nan kaɗai ya sauke musu tsoron da suka yi shekaru suna ɗauke da shi. Gani ya kori ji.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan akwai abin da ya yi miki wanda ba ki iya rubutawa ba, ko kuwa tunanin shiga gidan kaɗai yana sa numfashinki ya sarƙe, jikinki ya ɗauki rawa, kada ki ja kanki da ƙarfi. Malamai sun ce zumunci hawa-hawa ne, mafi ƙanƙantarsa a daina ƙauracewa ko da da sallama ce. Ki naɗi muryarki a WhatsApp ki tura wa Gwaggo ta kunna masa, ki tura kuɗin magani ta momo, wato ta waya. Wadda ta yi wannan ba za a kira ta mai yanke zumunci ba.

In za ki je, kada ki ce sai ƙarshen wata, ko sai kin gama ɗinkin bikin da ke hannunki. Hanta idan ta gaza, dattin da take tacewa yana taruwa a jini ya hau kai. Mai ciwon sai ya riƙa barci da rana yana farkawa da dare, hannunsa na karkarwa, magana ta rikice, ya daina gane mutane, daga nan sai doguwar suma. Wani kuma aman jini ne yake zuwa farat ɗaya. Mutumin da aka sallamo daga asibiti a wannan hali, kwanakin da hankalinsa yake tare da shi su ne masu tsada, kuma suna iya ƙarewa tun kafin ransa ya fita. Daga Akra zuwa Kumasi kilomita 250 ne ko kusa da haka, motar kamfanin VIP daga tashar Circle a Akra tana kai ki tashar Asafo a Kumasi cikin awa biyar zuwa shida in hanya ta yi kyau. Ki tafi da mijinki, tunda Allah ya ba ki mai tsaya miki. Yaran ki bar su tukuna. Kada ki kwana a gidan, ki sauka wurin ƙanwar Mma ko wata ƙawa, don ki san kina da ƙofar fita. Ki tambayi Gwaggo lokacin da ya fi zama cikin hayyacinsa, ki shiga a lokacin. Sannan ki roƙe ta tun a waya cewa ba kya son taro. Na san halinmu: kafin ki cire takalmi ɗaki ya cika da dattawa da matan gida, kowa yana "ki ce kin yafe, ki ce kin yafe", har da mai ɗaga waya yana ɗauka. Ke da shi da mijinki da Gwaggo sun isa. Minti ashirin ma ziyara ce.

Ki shirya wa abin da za ki ji, don kada ki tafi da buri mai yawa. Zai iya fashewa da kuka ya ambaci abin da ya yi ɗaya bayan ɗaya. Yana faruwa, amma a abin da na gani shi ne mafi ƙaranci. Zai iya karɓar ki da faɗa, ya ce sai yanzu kika ga dama, ko ciwon ya sa shi zagi. In haka ta faru ki miƙe, ki ce Allah ya sawwaƙe, ki fita, kin sauke naki. Abin da ya fi yawa shi ne na tsakiya, irin maganar mazan zamaninsu: "In na taɓa yi miki wani abu, ki yafe ni." Wannan "in" ɗin zai yi miki ciwo, na sani, kamar bai san me ya yi ba. Ya sani. Mutumin da ya shekara sittin ko saba'in bai taɓa ba yaro haƙuri ba, iyakar inda harshensa zai iya kaiwa ke nan. Ke za ki auna ko ya ishe ki. Kuma kina da damar ki ce masa, cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, kunnena har yau ba ya ji. Kuma ban manta daren da Mma ta fita ba." Faɗin wannan ba rashin kunya ba ne. Wataƙila ma taimako ne gare shi, don mutum ba ya tuba daga abin da kowa ya taya shi ɓoyewa.

Kin tambaye ni ko ki ce kin yafe alhali ba ki yafe ba. Kada ki faɗa. Kalmar da aka matso daga bakinki za ta dawo ta dame ki, ki ji an sake yi miki fin ƙarfi, wannan karon a gaban shaidu. Akwai maganganun gaskiya da yawa da za ki iya yi. "Baba, na zo. Sannu da jiki. Allah ya ba ka sauƙi." Duk gaskiya ne. In ya nemi yafiya kuma zuciyarki ba ta kai ba, ki ce, "Na ji, Baba. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa." In kuwa kina zaune sai kika ji abin ya sake ki, kalmar ta zo da kanta, kada ki riƙe ta don kunyar ƙanenki ko don kin riga kin rantse. Ki sani kuma, yafiya ba ta nufin ciwon ya tafi. Mutum yana iya cewa tsakaninsa da Allah ya janye ƙararsa ta ranar hisabi, alhali idan ya tuna har yanzu hawaye na zubo masa. In wannan kika iya, kin yafe, kuma ba ki yi ƙarya ba.

Batun durƙuso kuwa, gaisuwar babba ce a al'adarmu, ki durƙusa ki gaishe shi, ba abin da zai rage miki. Neman gafara kuma, ki nemi ta abin da ke kanki kika san naki ne, in akwai: wata baƙar magana da kika taɓa faɗa masa, ko tsawon shirun nan idan kina jin ya wuce inda ya kamata. Ba za ki nemi gafarar an dake ki ba, ba za ki nemi gafarar kin gudu da ranki ba.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan damuwarki, ko da ba ki faɗe shi kai tsaye ba. A wasiƙarki, da kika zo maganar tsana, ba kunnenki kika ambata ba, daren Mma kika ambata. Ina jin kina ganin in kika yafe masa kin ci amanarta, kin bar ta ita kaɗai a cikin ruwan nan. 'Yata, haƙƙin Mma ba ya hannunki. Ko kin so ba za ki iya yafe shi a madadinta ba, ko kin ƙi ba ke ce mai karɓar mata ba. Yana nan a rubuce tsakaninta da shi a gaban Wanda ba ya mantuwa, kuma wa ya sani, wataƙila ta yafe tun tana raye ba ta gaya wa kowa ba. Naki kawai ake tambayar ki. Shekara tara kina gadin ƙarar da ba a ba ki ajiyarta ba. In kina son yi mata wani abu a wannan tafiyar, ki yi mata sadaka a Kumasi, ki zauna da ƙanwarta da ta riƙe ta har ƙarshe, ku yi hirarta. Haka ƙanenki, nasa haƙƙin daban ne. Ki gaya masa za ki je, kada ya ji a bakin wani, amma kada ki zame masa wata Gwaggon. Shi ma yana da daren da yake tunawa, wanda ke ba ki sani ba.

Za a yi maganar kuɗi, don jinya tana cin kuɗi kuma ana ganin na Akra a kan tudu yake. Ki yanke abin da za ki iya tun kafin ki tashi, ke da mijinki, ki ba da shi, kada ki ci bashi don ki wanke kanki a idon mutane. Wasu kuma za su ce gado ya kawo ki. Ki bar su. Rabon 'ya a dukiyar ubanta Allah ne ya yanka a Suratun Nisa'i, bai sa sharaɗin sai suna shiri ba, dokar gado ta Gana ta 1985 ma ta ba 'ya'ya kasonsu.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ba ta iya jin "ciwon hanta" ta wuce, don haka ki yi mini haƙuri da wannan ratsen. Ki tambayi Gwaggo ko likitoci sun ce nau'in B ne, don shi ne kan gaba wajen lalata hantar mutane a ƙasar nan, kuma yana yawo a cikin gida tun ana yara, ta reza ɗaya, da burushin haƙori, da ciwon da ke zubar da jini. Sai a 2002 aka sa rigakafinsa cikin alluran jarirai a Gana, ke kuwa an haife ki kafin nan. Ki je a gwada jininki, ki gaya wa ƙanenki shi ma, in ba ku da shi a yi muku allurar. Ba a ɗaukarsa ta gaisawa ko zama ɗaki ɗaya ko cin abinci tare, don haka in kin ji kina son riƙe hannunsa, ki riƙe.

Ranar da za a kira ki a ce ya cika, kada ki yi mamakin kanki. Wataƙila ki ji sakayau kamar an sauke miki kaya, sannan kunyar jin hakan ta kama ki. Wataƙila ki yi kukan da ba ki yi zato ba, har mutane su ce ashe tana son sa. Sau da yawa kukan ba na wanda aka binne ba ne, na uban da aka yi ta jira ne bai zo ba, yanzu kuma an tabbatar ba zai zo ba. Duk biyun babu laifi a ciki. In abin ya daɗe yana hana ki barci ko aiki, manyan asibitoci irin Korle Bu suna da masu duba damuwar zuciya, zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Ni dai ina yi miki fatan yafiyar, ba zan ɓoye ba, ko yanzu ko nan gaba. Lokacin da Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara taimakon Misɗahu ba saboda ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, ayar da ta sauka a Suratun Nur, ta 22, tambaya ta yi masa: ba kwa son Allah ya gafarta muku? Ya ce yana so, ya mayar da taimakon. Tambayar tana nan tana jiran ki, ba ta da ranar rufewa, kuma ke kaɗai za ki amsa ta, ba a tsakiyar ɗaki cike da mutane ba.

Idan kin dawo Akra, ki kai kunnen nan a duba. Shekara 23 ke nan, kuma na tabbata ba wanda ya taɓa kai ki. Wani lokacin fatar cikin kunne ce ta huje, ana iya gyara ta, wani lokacin kuma na'urar ƙara ji ce take taimakawa. Kafin nan, in kin shiga ɗakin, ki zauna ta inda kunnenki na dama zai fuskance shi. Muryar mai irin wannan ciwon ba ta fita sosai, kuma ba lallai ya iya maimaitawa ba.

Allah ya kai ki lafiya. Ki rubuto mini in kin dawo.

Hajiyarku